Duwatsun Inna

Satina na farko a jami'a wani ɗan Maraɗi ya tambaye ni garinmu. Na ce Keita. Ya kwashe da dariya, ya ce: "To ku mi kuke ci can, duwatsu?" Ni ma na dara, don ba duka ya yi ƙarya ba. In ka baro Tawa ka yi gabas kimanin kilomita 70, abin da za ka fara gani ke nan: tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, baƙin dutse ya lulluɓe su, sai kwari a tsakaninsu inda garuruwa suka laɓe. Keita, Tamaske, Ibohaman, Garhanga, duk kaho ɗaya muke busawa. Ruwan sama bai da yawa, kuma ran da ya zo ba ya zama. Daga tudu yake gangarowa da gudu, ya tsaga gona biyu, ya tafi da ƙasar da taki, ya bar maka fako.

A littafin Djibo Hamani kan tarihin Adar na karanta yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ƙwace ƙasar daga hannun Kabi wajen 1674, har zuriyarsa suka zauna Illela. Na haddace, na ci jarrabawa da shi. Amma a gidanmu ba daga nan ake fara lissafi ba. Daga 1984 ake farawa, shekarar yunwar da tsofaffi ke kira El-Buhari. Maza suka watse, wasu Najeriya, wasu Abijan. A shekarar ne kuma furoje Keita ta fara aiki, da kuɗin Italiya, FAO na jan gaba, PAM na biyan mutane da abinci. Da yake mazan ba su nan, mata ne suka yi yawancin aikin. Innarmu tana cikinsu, lokacin tana amarya.

Kamyo ya juye duwatsu, su kuma su ɗauka a kai, su jera layi-layi a gicciyen gangare don ruwa ya rage gudu. Su haƙa ramu a jikin tudu a dasa icce. A bakin ƙorama a cika ragar waya da dutse a tare. Da maraice ta koma gida da hatsi da ɗan mai. Har yau akwai wuri a tsakiyar kanta da gashi bai sake fitowa ba, inda gammo ya zauna. Tana nuna mana shi in mun yi ƙyuyar zuwa gona.

Aikin ya yi, wannan ba gardama. An dasa miliyoyin itatuwa, fakon da akuya ma ba ta tsayawa ya ba da dawa, ruwan rijiyoyin fadama ya matso sama. Da shi Baba ya riƙa noman albasa da rani. Albasa kuwa ita ce kuɗinmu, ko da Galmi ce ta yi suna da ita. Sai dai wanda bashi ya matsa ba ya iya jira: a girbi kowa ya zuba tasa kasuwa, farashi ya faɗi warwas, mai hali ya saye ya zuba a rudu, in damina ta kama ya sayar ninki. Shekara nawa ina kallon buhunanmu na hawa tirela a araha, su nufi Abijan, garin da yayana yake soya kifi yana saida garba. Wataƙila albasarmu yake yankawa a kai, bayan ya saye ta da tsada. Duk ran da na tuno wannan sai raina ya ɓaci.

Abin da ba a faɗa a rahoton furoje shi ne dutse ba ya gyara kansa. Kowace damina ruwa yana ture wani wuri, yashi yana cike baraji. Turawa sun tafi, matan da suka jera sun tsufa, samari kuma hankalinsu na Libiya da Aljeriya da wuraren zinariya. Ba na zargin kowa. Ni ma ai gudu na yi, nawa dai da kaye da biro ne.

Hutun bara na tarar ruwa ya fasa jerin da ke saman gonarmu, ya buɗe kwazazzabo har gwiwata. Baba ba ya iya duƙawa yanzu. Da asuba na ji Inna na neman gammo. Na ce ta bari, in na samu bursu sai a ɗauki ƴan aiki. Ta dube ni ta ce: "Auta, ruwa shina jiran bursu?"

Kwana huɗu muka yi. Ni ke ɗauko dutsen, ita ke nuna inda zai zauna: babba a ƙasa, ƙanana a cusa a baya, kuma kada a toshe sarai, a bar ruwa ya tsiyaye a hankali. Sau biyu ta sa na rushe na sake. Ina shekara ta biyu a fannin labarin ƙasa, na zana irin wannan jeri a takarda har malam ya yaba, amma ban san ta wace fuska ake kwantar da dutse ba. Hannuna ya yi kanta ya fashe.

Da zan dawo ta raka ni tasha, ta ba ni ƙullin busasshen tumatir. Ta ce jerin ƙasa ma ya fara karkata, ba zai wuce damina guda ba. Na ce zan zo. Sannan a mota na tuna a watan Yuli ne aka sa mana sitaj a Yamai.