Shamfu Na Dunƙule Da Akwatin Komawa Makaranta

'Yan uwa ɗalibai, wannan makon allonmu zai leƙa cikin akwati. Mu da muke makarantar kwana mun san cewa a duk kayan da ake haɗa mana ranar komawa babu munafuki irin robar shamfu. A gida za ki ga murfinta a ɗaure tamau. Sai an kai tasha, yaran mota sun cusa akwatinki a but, sun jibga buhun masara a kai, rana ta yi ta dukan motar awa uku ko huɗu, sannan za ta nuna halinta. Ki iso ɗakin kwana ki buɗe, ki tarar garin kwakinki yana ƙamshin furanni, sukari ya cure, littafin lissafi ya manne da hijabi. Kusan kowane ɗaki a nan akwai wadda ta taɓa jiƙa garin da ke kumfa ta sha haka nan, don ba ta da wani, ga ranar ziyara da sauran nisa.

Shi ya sa muka yi caa a kan wani ɗan dunƙule da ya fara shigowa ɗakunanmu a zangon da ya wuce. Kamarsa ɗaya da sabulun wanka, sai dai bai cika tafin hannu ba, kuma masu shi sun ce shamfu ne. Akwai ɗan uwansa na kandishina, wato abin da ake shafawa bayan an wanke kai don gashi ya yi laushi. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Shamfun roba mafi yawansa ruwa ne. Idan aka cire ruwan, aka matse sinadaran wankin wuri ɗaya, sai a sami abin da ba ya zuba, ba ya fashewa, ba ya cin wuri. Ruwan kuwa ke za ki ƙara da kanki a banɗaki, tunda dama da bokiti za ki shiga.

Da muka bi tarihin abin, sai muka ga shamfu mai ruwa ma ba wani tsoho ba ne. Kamfanin Schwarzkopf na birnin Balin a Jamus da na gari ya fara, sai a 1927 ya fito da na ruwa. Na dunƙulen kuma kamfanin Lush, wanda aka kafa a garin Poole na Ingila a 1995, yana cikin waɗanda suka yayata shi. Matafiya sun ƙara rungumarsa bayan watan Agusta na 2006, lokacin da 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo wani shiri na shigar da abin fashewa mai ruwa-ruwa cikin jiragen da ke zuwa Amurka. Tun daga nan, a yawancin filayen jirgin sama ba a barin mutum ya shiga da wani abu mai ruwa a jakar hannu sai in mazubinsa bai wuce mililita 100 ba. Dunƙule kuwa ba ruwa ba ne, haka yake wucewa. Yawancinmu ba mu taɓa hawa jirgi ba, matsalarmu but ɗin mota ce, amma maganin ɗaya ne. Wadda mahaifiyarta ke shirin Hajji ko Umara ta tuna mata cewa da yawa daga cikin dunƙulen nan ƙamshi gare su sosai, mai harama kuwa ba ya taɓa turare. Akwai marar ƙamshi, shi za a nema.

Inda muke so a tsaya a saurara shi ne nan. Abu biyu ne ake sayarwa da suna ɗaya. Wani dunƙulen sabulu ne kawai, irin wanda malamin Kemistiri ya koya mana ana haɗawa da mai da soda. Wani kuma shamfu ne na gaske da aka busar. Sabulu yana kai 9 zuwa 10 a ma'aunin pH, fatar kanmu kuwa wajen 5.5 take. Kowane silin gashi yana da ɓawo-ɓawo a jikinsa kamar na kifi, kuma abu mai kaifin kanwa yana sa su miƙe. Shi ne za ki ji gashi ya yi ƙarau, mataji ya ƙi shiga, mai kitso tana ja kina hawaye. Ruwan burtsatsenmu ma ba ya taimakawa. Idan ruwa yana ɗauke da kalsiyam da maganiziyam da yawa, sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, sai ya bar wani farin dafi, irin wanda muke gani a bakin bokiti. Wannan dafin har a gashi yake zama. Waɗanda suka sayi na sabulun a cikinmu sun fi kowa ƙorafi, sai da suka koma ɗauraye kai da ruwan da aka matsa ɗan lemun tsami a ciki. Don haka a karanta bayan kwali. Idan an rubuta sodium cocoyl isethionate, shamfu ne. Idan sodium palmate ko sodium cocoate ne a gaba, sabulu ne aka sa wa babbar riga.

Na kandishinan bai burge mu ba. Man kaɗanya da man koko ne ginshiƙin da yawa daga cikinsu, kuma kowa ta san man kaɗe ko a tafin hannu narkewa yake. A sanyin Disamba lafiya lau. A watan Afrilu, cikin akwatin ƙarfe, a ɗaki mai rufin kwano, sai dai ki kwashe shi da cokali.

Akwai kuma maganar da ba ma son yi, amma allon nan namu ne. A ɗakunanmu akwai 'yan matan da tun aji ɗaya suke zuwa da curin sabulun salo a leda da ƙullin karkashi, kuma mun san irin kallon da ake musu. Wasu sai sun faki ido suke fito da shi, wasu sai an watse daga banɗaki suke wanke kai. An sha kiransu 'yan ƙauye a kan wannan. To, ga shi yau duk mun taru muna yaba wani curi don ya zo a kwali mai rubutun Turanci. Sabulun salo daga toka da mai ake yin sa. Yarabawa na ce masa ose dudu, a Gana kuma alata samina, kuma ana fitar da shi har Turai da Amurka. Karkashin da muke miya da shi, idan aka jiƙa a ruwan ɗumi, yauƙinsa yana warware gashi ya sa mataji ya wuce sumul. Shi ne matan Chadi ke kira ambunu, yanzu har a intanet ake tallarsa. Busasshen ganye ne, babu abin da zai zuba, babu abin da zai narke. Gaskiya salo ma sabulu ne, yana da kaifin da muka faɗa a sama, yana kuma busar da gashi idan aka yawaita. Amma masu zuwa da shi sun riga sun san haka, shi ya sa suke bin sa da karkashi, su ƙare da man kaɗe. Iyayensu mata ne suka haɗa musu ukun tare, kuma garinsu bai taɓa kumfa ba.

Ko wanne kika zaɓa, ruwa ne abokin gabarsa. Idan kika bar shi a jiƙe cikin kwandon wanka zai zama kunu kafin Juma'a. Mu ƙaramin gwangwani muke hudawa a gindi da ƙusa, mu sa shi a ciki ya tsane, ba ma rufewa sai ya bushe. Kada ki kai shi banɗaki gaba ɗaya. Ki yanka shi gida huɗu tun a gida, ki riƙa fita da ɗaya, domin ƙaramin abu ne, mantuwa tana cinsa, masu dogon hannu ma haka. Idan ƙawarki ta roƙa, ki gutsura mata nata, ko ta murza kumfar a hannu. Makero yana bin mataji da tawul da ɗankwali, kuma ba mu ga dalilin da za a riƙa goga curi ɗaya a kai goma ba.

Kulob ɗinmu ya rubuta wa malamar Tattalin Gida takarda yana roƙon a sa haɗa sabulu cikin aikin hannu na zango mai zuwa, a kuma ba mu takardar gwajin pH daga ɗakin gwaje-gwaje mu auna duk abin da muke sa wa kanmu. Wadda ke da salo ko karkashi ko ɗan dunƙulen kanti ta ajiye mana gutsure, ta kawo ofishin kulob ranar Asabar bayan duba tsafta.