Littafin da Na Buɗe wa Tsuntsaye

Ni akawu ne, gidana yana Yalwawa a Dutse. Aikina kullum shi ne rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. In na taso daga ofis na yi la'asar, sai in zuba ɓarzajjen gero a aljihu, in fita bayan gari, in bi gefen fadama da ƙafa har rana ta yi ja bisa duwatsu. Ran Lahadi kuwa nakan hau babur in tafi madatsar ruwa ta Warwade, in yi ta bin bakin ruwa sannu a hankali.

Akwai wata tsamiya da nake watsa geron a gindinta, in ja da baya kamar taki ashirin, in zauna. Kurciya ce kan fara sauka, ta tsaya tana karkata kai, sa'an nan hazbiya, sa'an nan 'yan ƙananan nan masu yawan surutu. Na bakin ruwa ba ruwansu da gerona. Zalɓe yana tsaye cik, ya fi mai fatsa haƙuri. Balbela na bin sawun shanu, kirinjijiya su taso garke guda suna fito, zakaran kekuwa kuwa da ya hango mutum sai ya cika wuri da kuwwa, ya tona masa asiri. Wanda duk ke son kallonsu sai ya bar gaggawa, ya bar nuni da yatsa, ya kuma bar farar riga a gida.

Wata rana ina zaune a nan sai ga wani dattijo maƙwabcina ya taso daga gona. Ya dube ni, ya dubi geron, ya ce, “Malam Akawu, ashe kai ne mai ciyar da ɓarayi? Bara jan baki suka sauka mini, kafin yara su kawo gwangwani da majajjawa sun bar mini zangarniya tsirara. Kai kuwa ga ka nan kana kai musu kalaci!”

Na ce, “Baba, ai malamai sun sanar da mu abin da tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ne.”

Ya ce, “Haka ne, ɗana, amma da ranka a sake kake yin taka sadakar, don ba daga gona kake cin tuwo ba.”

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ce. Jan baki dubu dubai suke tashi, suna kwana cikin kacalar da ta cushe kwarin Haɗeja, har gwamnati kan aiko da jirgin sama ya yi musu feshi. Tun daga ranar na canja tsari. Daga lokacin da gero ya fid da kai har a gama girbi ba na watsa ko ƙwaya ɗaya. Da bazara kuwa ruwa nake ajiyewa cikin kasko, don a lokacin ƙishirwa ta fi yunwa damunsu. Amma na roƙi dattijon kada ya yi musu kuɗin goro, gama shamuwa da balbela fara da tsutsa suke ci, watau su ma ma'aikatan gonarsa ne, ba ya ko biyansu lada.

To, abin da ya sa na buɗe littafi shi ne wannan. Wani dare na ce wa ɗana ungulu ba ta jewar banza, sai yaron ya ce, “Baba, yaya ungulu take?” Na buɗe baki zan ce gobe in nuna maka, sai na yi shiru. Muna yara, in ka je mahauta sai ka kore su da ƙafa kamar kaji. Ga shi yanzu na kasa tuna shekarar da na yi musu ganin ƙarshe. A 2015 masana na duniya suka sa irin ungulun nan tamu cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa, saboda guba da kuma masu kashe ta su sayar don tsubbu. Gauraka ma haka, an yi ta kama ta ana kai wa gidajen masu hali, har ta yi wuyar gani a dajinmu. Ni da ba na kwana sai lissafin ofis ya daidaita, ga halitta guda ta fita daga garinmu ban rubuta ba.

Sai na tuna karatunmu na allo. A cikin Suratun Namli, Annabi Sulaimanu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bincika tsuntsaye, ya lura alhudahuda ba ya nan, ya tambaya. Duk da girman mulkinsa, rashin tsuntsu guda bai ɓace masa ba. Kashegari na sayi littafi, na ja layi huɗu: rana, wuri, sunan tsuntsu, da yawansa.

Da lura da rubutu aka gane yawon tsuntsaye. Dā mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa da sanyi ba, har waɗansu na cewa cikin laka suke kwanciya. A 1822 aka harbo wata irin farar shamuwa a Jamus, aka tarar da mashin Afirka soke a wuyanta, ta ƙetare hamada da teku da shi. A 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, don duk wanda ya tsinta ya aiko da labari. Ta haka aka san hanyoyinsu.

Ɗaya daga masaukansu kuwa a jiharmu yake, watau Baturiya, a ƙasar Kirikasamma. A 2008 aka sa ta cikin jerin fadamun da duniya ta yi alkawarin kiyayewa. Da hunturu agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu sukan zo daga Turai su sauka a can, wajen watan Maris su koma. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu. In masauki ya ƙuntata, baƙi ma raguwa za su yi, ba kuwa wanda zai sani sai mai ƙirgawa.

Saboda haka, ya ɗan'uwa da ka sami takardar shaidar yaƙi da jahilci, kada ka ce iliminka na karanta wasiƙa ne kaɗai. Nemi ɗan littafi. Rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka a kukar garinku, da ranar da ta tashi zuwa kudancin Afirka bayan damina. In ka ga ungulu, rubuta. In shekara ta wuce ba ka gani ba, wannan ma rubuta, ka kuma faɗa wa mai unguwa da malamin daji.

Da bazarar bana dattijon nan ya yi sallama a zaurena, muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, “Malam Akawu, duba mana littafin nan naka, bara yaushe shamuwa ta zo? Ina so in san ko in fara gyaran gona.” Na ɗauko, na karanta masa. Ya gyaɗa kai, ya ce in ci gaba da rubutu, amma geron nan dai in riƙa lura da lokaci. Na ce na ji, Baba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare gonakinmu, ya kuma bar mana baƙinmu. Amin.