Daga Bakin Ruwan Challawa Zuwa Gidan Baffa

A hutun Kirsimeti da ya wuce na yi wata tafiya wadda na daɗe ina ɗagawa, na kuwa ga ya kamata in ba 'yan'uwa masu karatu labarinta. Hira ce ta tayar da ita. Wani abokin aikina a makaranta, wanda ya taɓa zuwa kwas Ingila, ya ba mu labarin yadda mutanen can su ke yin hutu a kan ruwa. Iyali su kan yi hayar wani jirgi dogo siriri, faɗinsa bai kai ƙafa 7 ba, amma da gadaje da wurin girki a ciki. Sai su bi hanyoyin ruwa da kakanninsu suka haƙa fiye da shekara 200 da suka wuce domin jigilar kwal da sauran kaya. Ba a yarda su wuce gudun mil 4 a awa ba, watau kamar tafiyar mutum mai sauri a ƙasa. In yamma ta yi su ɗaure jirgin a gaɓa, su bi turbar da dawakai su ke bi a dā suna jan jiragen, su ratsa gonaki har su kai wani gidan sha na ƙauye. A can a ke sayar da giya da abinci, a hura wuta lokacin sanyi, baƙo da ɗan gari su zauna wuri ɗaya.

Malamai suka yi dariya, wani ya ce Bature ba ya rasa hanyar kashe kuɗi. Ni ban yi dariya ba, gama na tuna mu ma muna da ruwa, muna da jirgi, gidan shan ma na san inda ya ke, shekara 9 ke nan kuwa ban taka ƙofarsa ba.

Mu mutanen ƙasar Karaye da Rogo ba mu tashi da babban ruwa ba. Kogin Challawa da na sani ina yaro, da damina ya kan cika ya hana ƙetarewa, da rani kuwa yashi ne zalla, sai mun tona rami mu ke samun na sha. Daga 1990 zuwa 1992 aka gina madatsar Challawa a ƙasar Karaye, wajen kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. Tsayin bangonta mita 42, tsawonsa ya kusa kilomita 8, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke lura da ita. Ruwan da a ke saki ya kan gangara ya haɗu da Kogin Kano, su zama Kogin Haɗeja. Abin da aka tare kuwa ya zama wani makeken tafki, ya shafe fadamu da gonaki da gidaje. Gidan kakana yana ciki. Da aka tashe mu, mahaifina ya zauna wannan ƙetaren, ƙanensa Baffa ya koma wancan.

Na ɗauki ɗana mai shekara 12, muka hau babur daga Karaye da sassafe zuwa tashar masunta. Mai jirgin da muka yi ciniki da shi saurayi ne Musulmi, ya ce ubansa manomi ne wanda bai taɓa riƙe filafili ba, shi kuwa wurin baƙin masunta ya koyi ruwa. Na aro rigunan kariya daga nutsewa guda biyu. Samarin tashar suka yi ta yi mana tsiya, ban kula ba. Kowa ya tuna abin da ya faru a ruwan Watari na Bagwai a ƙarshen Nuwamba 2021, sa'ad da jirgi ya kife saboda yawan lodi, mutum fiye da 20 suka mutu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Iyaye, in za ku shiga jirgi da yara ku ƙirga mutanen da ke ciki tukuna, ku kuma tashi da safe, gama iskar hunturu ta kan tayar da igiyar ruwa da rana ta ɗaga.

Hazo ya rufe gaɓa ta can ƙetare, sai ka ce ruwan ba shi da iyaka. Masunta na janye kalli, karfasa da tarwaɗa na fal-fal a cikin jirage, zalɓe na tsaye a kan kututture kamar mai gadi. Ɗana bai ce uffan ba har muka sauka.

Mai jirgi ya kafa turke ya ɗaure jirgi, muka bi wata turba ta cikin gonakin dawa da aka girbe, kara na kwance, shanun Fulani na kiwo. Tafiyar rabin awa ta kai mu wani ƙauye, a bakin kasuwarsa kuwa ga teburin mai shayi. Da na zauna a bencin sai na ce a raina, ai ga gidan shan namu na yanzu. Ga ƙatuwar buta a kan gawayi, ga burodi a jere, ga gwangwanayen madara, rediyo na magana ba mai saurarensa. Mai shayin ya kan ɗaga kofi sama ya tsiyayo cikin wani, ko ɗigo ba ya zuba. Kafin shayinmu ya huce mun ji farashin masara, mun ji wanda aka sace wa akuya, mun ji gardama kan masarautar Karaye, wadda aka kafa a 2019, aka rushe a 2024, aka kuma maido da ita a shekarar nan ta 2024 da daraja ta biyu, tana riƙe da Karaye da Rogo. Wani dattijo ya biya kuɗin shayinmu bai tambayi addininmu ba, ya ce baƙo ba ya biya ran da ya sauka. Abu ɗaya na lura: abokina ya ce a Ingila miji da mata su ke zuwa tare, a nan kuwa macen da ta kusanci bencin ita ce mai tallan ƙosai. Mun kwana gidan mai bishara na ƙauyen.

Kashegari muka ƙara gaba a jirgi, muka nufi ɓangaren ƙasar Rogo. A nan dole in faɗi abin da ya kawo ni.

Mu Maguzawa ne. Mahaifina ya karɓi Ubangiji Yesu tun yana saurayi, Baffa kuwa ya tsaya kan al'adar kakanni, matarsa Inna ita ce mai dafa giya a unguwarsu. Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai gane matsayin giya a wurin mutanen dā ba. Ba a gayyar noma sai da ita, ba a biki ko makoki sai da ita, ita a ke zuba wa iskoki a wurin tsafi. A jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta tashi, aikin kwana da kwanaki. Na kuma ga abin da ta ke yi: rumbun da ya ƙare kafin damina, faɗan da ya raba 'yan'uwa, matar da ta kwana da kumburin ido. Ba na sha, ina kuma hana ɗalibaina, ban sāke ra'ayi ba. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a Jihar Kano a shekara ta 2000 sayar da giya ya zama laifi, masu dafawa suka koma bayan gida, saboda haka ba zan ambaci sunan ƙauyen ba.

Ran jana'izar mahaifina Baffa ya zo ya sha. Na tashi a gaban jama'a na yi masa faɗa kamar yadda na ke yi wa yaran aji. Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Tun ran nan ba mu ƙara haɗuwa ba.

Daga inda muka ɗaure jirgi zuwa gidansa tafiyar awa guda ce, ta cikin fadamar rake da barkono, sa'an nan a hau tudu. Ni dai na ji ta kamar ta yini. Tun daga nesa warin tsiro ya tarye mu. Ɗana ya ja rigata ya ce, "Baba, za mu shiga?" Na ce za mu shiga.

Tsofaffi wajen shida na zaune a gindin tsamiya a bayan gida, kowa da ƙoƙonsa. Na yi sallama, hira ta tsaya cak. Baffa ya ɗaga kai, ashe yana ta rufe masa ido.

"Wane ne?"

"Ni ne, Baffa, ɗan wanka."

"Malamin nan mai wa'azi?"

Tsofaffin suka kwashe da dariya. Na cire takalmi na durƙusa na ce, "Baffa, na kunyata ka a gaban mutane. Ka gafarce ni." Ya yi shiru har na fara jin zafin ƙasa a gwiwata. Can ya ce, "Maganarka ba ƙarya ba ce, wurin faɗinta ne ka ɓata. Tashi ka zauna." Ya juya wajen ɗakin girki ya ɗaga murya, "A kawo musu kunu, su ba sa shan namu."

Inna ta fito da ƙwaryar kunun zaƙi mai sanyi, tana hawaye tana dariya, tana juya ɗana tana cewa ga kakansa ya dawo. Ta ce duk ran da ta ɗora tukunya ta kan ware dawa ta dama kunu, saboda yara, da kuma ko wani cikin 'yan majami'a zai biyo. Baffa ya ce kunun yara ke shanyewa, gama tun rasuwar wansa ba Kiristan da ya zauna a tabarmar nan. Mai bishara daga kan hanya ya ke ɗaga hannu, liman ma haka. Na rasa amsa. Sau nawa na koya wa yara a makarantar Lahadi yadda Ubangiji ya ci abinci a gidan Zakka mai karɓar haraji, har mutane suka yi ta gunaguni.

Mun yini. Suna shan nasu muna shan namu. Ɗaya cikin tsofaffin ya tambaye ni ko gaskiya ne Yesu ya tsawata wa iska a cikin jirgi, na ba su labarin, suka yi ta gardama a kansa kamar yadda aka yi ta masarauta a teburin mai shayi. Ba wanda ya tuba ran nan, ni ma ban matsa wa kowa ba.

Da la'asar, iska ta lafa, Baffa ya ce sai ya raka mu bakin ruwa. Ɗana ya riƙe masa hannu, Inna ta bi mu da zabuwa ɗaure a kwando. Mai jirgi ya gaji da jira, amma da ya ga tsoho sai ya rusuna ya gaishe shi. Baffa ya tsaya ya fuskanci ruwan da ba ya iya gani sosai, ya ce wa mai jirgi, "Yaro, akwai wata busasshiyar kirya da kanta ke fitowa can tsakiya, ko ta faɗi?" Mai jirgi ya ce tana nan, masunta ma su kan ɗaura kalli a jikinta. Baffa ya ce, "To, ƙofar gidanmu ke nan. Kabarin kakanka na gabas da ita kaɗan. Ka bi da su ta wurin."

Muna shiga jirgi ya ce, "Ista za ku dawo?" Na ce in Allah ya yarda, har da uwar yaran.

Mai jirgi ya karkata ya bi ta wajen kiryar, ya sassauta tuƙi. Ɗana ya miƙa hannu ya taɓa reshen, ya leƙa cikin ruwan, sa'an nan ya tambaye ni ta ina gabas ta ke.