Na kai wa Goggo mikro saboda alkaki

Yau ba labarin gari na kawo muku ba, na gidanmu ne. Masu saurarena da safe sun san ban cika sako zancen gida cikin shiri ba, amma wannan ya daɗe yana cina, gara in faɗe shi.

A gidanmu na Birni, nan Damagaram, kowace mace da abin da aka san ta da shi. Inna dambu ne nata: tsaki ya turaru sau biyu, zogale ya fi tsakin yawa, albasa ɗanya, garin ƙuli-ƙuli, man gyaɗa mai ƙamshi. Yayarmu babba kuwa in azumi ya kama ita ke da lamurje, ta jiƙa tsamiya tun hantsi, ta daka citta da kanumfari, ta tace, ta sa sukari daidai. Waɗannan duk mun iya, ko ba mu kai su ba. Amma alkaki na Goggo ne, yayar babanmu, ita kaɗai. Duk garar da ta fita daga gidan nan tun kafin a haife ni, hannunta ne. Mu dai namu ci da satar na gefen tire.

Bara Goggo ta faɗi a tsakar gida. Tansiyo ce. Allah ya tashi kafaɗunta, baki ya dawo, amma hannun dama bai dawo ba. Bayan wata huɗu aka yi bikin autarmu. Da aka zo haɗa gara sai muka dubi juna, mata bakwai a gida, babu wadda ta taɓa yin alkaki daga farko har ƙarshe. Muka aika aka sayo. Ba laifi, mai kyau ne a ido. Ranar kai gara wata tsohuwa cikin dangin ango ta karya ɗaya, ta ɗanɗana, ta yi dariya ta ce: "Ikon Allah! Yau gidan nan ne ke sayen alkaki?" Da wasa ta faɗa. To amma magana ba ta kwana a hanya, kafin magariba ta iso kunnen Goggo. Ba ta ce komai ba, ta juya fuska bango. Wallahi ni ce na kasa barci.

Abin kunyar shi ne, ni ɗin nan ana kirana mai iya girki. Tun ina lise na koyi gaton yawur, wanda gwangwanin yawur ɗin ne ma'auni: ɗaya na yawur, biyu na sukari, uku na fulawa, rabi na mai, ƙwai uku, sashe ɗaya na lebir. In an ɗauke kuran, in zuba rairayi a gindin tukunya, in ɗora garwashi a kan murfi, ya gasu sumul. Wannan na rubuta shi a kaye da bik tun ina ƴar shekara 16. Na Turawa na rubuta, na ɗakin da ke kallon namu ban taɓa tambaya ba.

Sai na yi abin da na iya. Wata Asabar na ɗauki na'urar da nake hira da ita, da kaye, har da sikelin da na aro wajen maƙwabciya, na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole na auno alkama tiya ɗaya. Na zauna gaban Goggo na miƙa mata mikro kamar wata minista.

"Goggo, alkama tiya ɗaya, mai nawa ake sawa?"

"Har ta ƙoshi."

"To ruwan kanwa fa?"

"Har tsamin ya bar hancinki. Ke ƴar lakwal, aje wannan abin ki wanke hannu."

Ga dai yadda abin yake, ga mai so. Ana wanke alkama a rege tsakuwa, a shanya ta bushe sarai. A kai inji a ɓarzo ta, kuma nan ne rigimar farko: kada ta yi laushi kamar fulawa, kada ta yi tsaki kamar ta dambu, tsakiya ake so. Ki tsaya a kan mai inji, in kin aiki yaro kin yi asara. Sai a zuba mai a murza da tafin hannu, a yi ta murzawa har in kin dunƙula ya tsaya, in kin taɓa ya ruguje. A yayyafa ruwa a kwaɓa da tauri, a rufe a aje wuri mai ɗumi ya kwana ya yi tsami. Wasu na sa ɗan nono ko yis don ya yi sauri. Goggo ta ce wannan aikin masu gaggawa ne. Da safe a jiƙa kanwa a tace, a riƙa sa ruwan kaɗan-kaɗan ana kirɓawa a turmi har kwaɓin ya haɗe yana danƙo. Sannan a gutsura, a mirza kamar igiya, a naɗe a murɗe.

Na farko da na jefa cikin mai, watsewa ya yi, kaskon ya koma kamar an zuba tsaki. Mai ya yi yawa wajen murza. Mako na gaba na rage mai, na kuma ƙara wuta don ina sauri in koma aiki. Waje ya yi ja, ciki ɗanye, da ya huce sai ka jefi kare da shi. Alkaki ba ya son wuta, a hankali yake soyuwa, har ka gaji da tsayuwa. Ga mai da sukari yadda suka yi tsada, Inna tana ta kallon jarka tana tsaki.

A karo na uku Goggo ta ce a jawo ta kusa da ƙwarya. Ta sa hannun hagu cikin garin, ta damƙi nawa ta danna shi ciki, ta ce: "Ji nan. Kin ji? Wannan bai ƙoshi ba." Na ƙara mai, muka murza tare. "Yanzu fa?" Na ji. Ban san yadda zan rubuta muku shi ba, amma garin ya bar kaushi, ya yi sanyi a hannu kamar ƙasar da aka yi wa yayyafi. Da ta ce ya isa, na duba abin da ya rage a butali: ɗan ƙasa da rabin lita ya shiga. Na yi maza zan rubuta, ta ce in rubuta in na ga dama, amma sabuwar alkama da wadda ta shekara a buhu ba ƙishinsu ɗaya ba.

Saura zaƙi. Masu hali zuma suke tsomawa, mu sukari muka dafa da ruwa da ɗan ruwan tsamiya, don tsamin ne ke hana shi daskarewa ya yi fari a jikin alkaki. In kin ɗiga tsakanin yatsa biyu ya ja zare, ya yi. Daga mai kai tsaye cikin ruwan sukari, ya sha, a tsame a jera a tire. Wanda aka yi daidai yakan yi makonni bai lalace ba, ba ruwansa da firigo, shi ya sa tun da can yake cikin kayan gara da guzurin matafiyi.

Na'urar kuwa na manta ban kashe ta ba. Da na saurara da dare, rabinta ƙarar taɓarya ce, sauran faɗan Goggo da dariyar Inna. Na tura wa ƴan'uwana duka, har da wadda ke aure a Yamai, na ce kowa ya adana. Ƴan Maradi da Tawa, ina son in ji naku: da nono kuke tayar da shi ko kwana kuke bari ya yi? Ku rubuto mini a ƙasa.

Na kai wa Goggo guda ɗaya a faranti. Ta karya da hannun hagu, ta duba cikinsa, ta tauna ta daɗe. Ta ce: "Ya ciwu. Amma kar ki kai shi gidan surukai tukuna. Asabar mai zuwa ki zo da wata tiyar."