Daga Bur Sudan Zuwa Sanganeb: Kifi Mai Ƙaho Da Kiwonsa

A 2019 na sauka Bur Sudan, garin da aka kafa a 1905 ya gaji Sawakin, tashar da kakanninmu suka riƙa bi zuwa aikin Hajji. Ziyara ce ta kai ni wurin ɗan ƙanwata, wanda yake aiki a wani gidan abinci a bakin Bahar Maliya. Cikin aikinsa har da kula da wani babban akwatin gilashi mai ruwan teku, inda aka zuba kifaye don baƙi su yi kallo.

Na iske yaron ba walwala. Ya ce, "Kawu, mai ƙahon nan kullum ramewa yake yi, maigida kuwa ya ce ranar da ya mutu in nemi wani aikin."

Na leƙa na gan shi. Kifi ne mai launin toka, da ƙaho guda ɗaya a goshi, sai ƙaya shuɗɗa biyu-biyu a gindin wutsiya, masu kaifi kamar aska. Cikinsa ya shafe. Yaron kuwa jatan lande yake ba shi safe da yamma, wai ai duk mai ƙaho da makami haka nama zai so. Ni ma da haka na ɗauka.

Ran Juma'a muka bi wani masunci a kwalekwale mai inji zuwa Sanganeb, tudun murjani mai nisan kamar kilomita 25 daga gaɓa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016. Tun daga nesa ake hango hasumiyar fitilarsa. Ruwan wurin garau yake, har kana ganin ƙasa. Da na sa gilashin ido na duƙa, sai ga 'yan'uwan kifinmu garke guda, manyansu sun fi kamu ɗaya. Ba farauta suke yi ba. Kiwo suke yi, kai a sunkuye, suna tsinkar wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa-ƙasa, kamar shanu a fadama, ba hutawa. Ashe ƙahon ma na saniya ne! Wannan kiwo nasu yana cikin abin da ke hana ciyawar rufe murjani ta kashe shi.

Irin wannan kifi hanjinsa dogo ne, na mai cin ganye. A cikin akwati sai a ba shi ciyawar teku, ɗanya ko busasshiya, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, nama kuwa ɗan taɓawa kawai. Yana kuma son fili, don yakan kai santimita 70, akwatin yaron kuwa a ganina ya yi masa kaɗan.

A Sanganeb ba a ɗibar komai, wuri ne mai kariya. Sai da muka dawo gaɓar gari yaron ya cika bokiti da ciyawar, ya wanke ta da ruwan teku, ya ɗaure ƙulli ɗaya a jikin dutse ya saka. Kifin ya yi ta kewaya ta har la'asar kafin ya kai baki.