Baƙin Dutse a Madafin Inna

Madafin gidanmu da ke Hayin Dogo a Samaru ya girme ni da shekara shida. Ɗaki ne ƙarami mai ƙofa ɗaya, babu taga, kuma hayaƙin itace na shekara talatin ya rine bangonsa har ya koma kamar gindin tukunya. A nan Inna take zama bisa kujera 'yar tsuguno safe da yamma, tana ciyar da mutum goma sha ɗaya. Ina aji biyu a Jami'ar Ahmadu Bello wasu ƙawayena suka raka ni gida, ɗayarsu ta leƙa madafin domin ta gaishe ta, ta fito tana fifita hanci da mayafi. Ba ta ce komai ba, ni ma haka. Amma tun daga ranar na ƙudurce a raina cewa kuɗin farko da zan mallaka a kan ɗakin nan za su ƙare.

Na yi hidimar ƙasa daga 2023 zuwa 2024, lokacin da alawus yake naira 33,000 a wata. Na riƙa cire rabi ina ajiyewa, na haɗa da abin da nake samu wajen koyar da yara da yamma. Ko da na dawo Zariya, hoton sabon madafin ya gama zama a kaina: doguwar kanta daga bango zuwa bango, samanta baƙin giranit mai sheƙi, irin wanda mutum ke ganin fuskarsa a ciki. Na auna ɗakin da kaina, na zana shi a takarda, na nuna wa magini. Mutum ɗaya ne ban nuna wa ba, wato mai madafin.

Wata Asabar a watan Disamba na hau bas daga Samaru, muka wuce Kwangila, na sauka a PZ, na taka zuwa wajen masu kayan gini a Sabon Gari. Na tafi da lemun tsami biyu a jaka, domin ilimin duwatsu na karanta, kuma na so a san haka. Mai shagon ya fara nuna mini mabul fari tas. Na roƙe shi ɓarɓashi, na matsa lemun a kai, muka jira kaɗan. Da na goge sai ga wurin ya dushe. Mabul ɗan'uwan farar ƙasa ne, tsami yana cin sa, don haka ba zai jure gidan da ake jiƙa tsamiya kullum ba. Baƙin dutsen kuwa ko gezau bai yi ba.

Na ƙara masa da cewa abin da yake kira baƙin giranit, a wurinmu ba giranit ba ne. Giranit na ainihi yakan zo da launin toka ko ja-ja, da manyan ƙwayoyi masu haske, kamar Dutsen Kufena da muke hangowa daga Samaru, wanda ya daskare a ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka shuɗe. Baƙin da ake sayarwa yawanci gaburo ne ko danginsa, ana haƙo shi a Indiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, a yanka, a goge, a ɗoro shi a jirgin ruwa. Dattijon ya saurare ni har na gama, sannan ya yi murmushi.

"Malama, duk sunan da kika ba shi, da dala ake sayo shi."

Ya faɗi kuɗin mita ɗaya, na yi lissafi a zuci, sai na ji gumi ya karyo mini cikin sanyin hunturu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta yi ta hawa har ta haura 1,500 a farkon 2024, ajiyata kuma tana kwance tana ramewa ban sani ba. Kantar kaɗai za ta cinye kusan duk abin da na tara. Babu sauran na taga, babu na tukunyar gas. Duk da haka ban janye ba. Na karɓi ɗan guntu kamar tafin hannu, na ce zan dawo ranar Litinin da kafin alƙalami.

Da daddare na ajiye guntun a bakin tagar Inna, na shimfiɗa mata zanen, ina bayani da ɗoki. Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ta kiran sunana. Ta daɗe tana duban takardar, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, tsayinsa nawa?" Na nuna mata daidai ƙuguna. Ta ce, "To, a tsaye zan tuƙa tuwon mutum goma sha ɗaya? Da waɗannan gwiwoyin?" Ta kuma tambayi inda zan kai dutsen niƙanta, wanda ta gada daga kakata. Na ce ai yanzu akwai inji, a fitar da shi tsakar gida.

Daga nan magana ta yi zafi, har na furta abin da nake nadamarsa har gobe. Na ce na gaji da jin kunyar kawo mutane gidan nan. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe takardar, ta miƙo mini, ta ce, "Ashe ba don ni ba ne." Ta juya ta fuskanci bango.

Ban runtsa ba a daren. Da asuba na ji tarinta daga madafi, tarin da na saba ji tun ina ƙarama har ya zame mini kamar carar zakara. Na tashi na tsaya a ƙofa. Tana durƙushe tana hura wuta, hawaye na zuba daga idanunta da suka yi jawur, tana sharewa da gefen zane ba tare da ta kula ba. Shekara huɗu na yi ina koyon bambance dutse da dutse, na san har ƙasashen da ake haƙo wanda nake so, amma ban taɓa tambayar kaina abin da hayaƙin nan yake yi wa ƙirjinta ba. Baƙin bango na gani, domin shi baƙi ke gani.

Da gari ya waye na durƙusa na ba ta haƙuri. Ba ta amsa nan take ba. Ta ɗauko guntun daga bakin taga. Ƙurar hunturu ta kwana a kansa, ya yi fari fat. Ta ja yatsa a kai, layi ya fito baƙi ƙirin. "Kin gani? Daga bango zuwa bango, wa zai wuni yana gogewa?" Sai kuma ta ɗiga masa manja, ta bar shi har muka gama karin kumallo, ta goge da tsumma. Babu ko tabo. Ta jujjuya shi a hannu ta ce, "Amma fa yana da hali. Ƙarami zai yi."

Ranar Litinin tare muka je Sabon Gari. Ita ta yi ciniki, ta zaɓi ragowar yanka da aka jingine a bayan shago, tsawonsa bai fi mita ɗaya ba, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na lissafina ba. Magini ya yi ta gunaguni cewa bai taɓa gina kanta a tsayin gwiwa ba, Inna ta zauna a kujerarta ta ce ya auna daga nan. Sauran kuɗin aka fasa tagogi biyu masu fuskantar juna, aka sayi tukunyar gas mai kilo 12.5 da murhunta, aka shafe bango. Ranar tuwon taro takan koma ga itace, amma a tsakar gida, inda iska ke kwashe hayaƙin.

Dutsen niƙan yana nan a gefen sabon. Sai da na wanke shi domin mayar da shi wurinsa na dube shi da idon abin da na karanta: launin toka, manyan ƙwayoyi masu haske, tsakiyarsa ta lotsa saboda hannun mata biyu. Shi ne giranit na ainihi a gidanmu, kuma shi na so in fitar waje. Na gaya wa Inna haka, ta yi dariya ta ce ita dai ta san yana niƙa daddawa da kyau.

Tarin bai tafi gaba ɗaya ba, likita ya ce abin da aka shaƙa shekara talatin ba ya fita a wata uku. Amma yanzu nakan yi kwanaki ban ji shi da asuba ba. Kowace safiya nakan riga ta shiga madafin, in goge ƙurar da ta kwanta a kan baƙin dutsen, sannan in ɗora ruwan zafi.