Tsoron da ake saye da kuɗi

Ka taɓa lura da wannan abin mamaki? Kowa na gudun tsoro, amma sai ka ga mutum ya ɗauki kuɗinshi ya tafi ya sayo shi. Ina nufin filim ɗin ban tsoro. Ni ma ina cikin masu kallo. Na fara tun zamanin gidajen bidiyo, muna zaune bisa benci, kowa ya biya ƴan daloli. Yau filim ya shiga cikin waya, kuma ban bari ba. Shi ya sa ɗalibaina sukan ce mini: "Malam, wane za mu kalla?" Kafin in ba ka suna, bari in gwada maka yadda ake ƙera tsoron.

Filim aikin hannu ne, kamar saƙa ko ƙira. A 1960, a Amurka, wani gwani mai suna Alfred Hitchcock ya yi filim ɗin Psycho. A ciki an kashe wata mace tana wanka. Mutane sun firgita ƙwarai. To, jinin da suka gani ruwan cakulan ne. Filim ɗin baƙi da fari ne, ba mai iya bambancewa. Ƙarar wuƙar kuma, wani abu dangin kankana aka riƙa soka.

A 1975, Steven Spielberg ya yi Jaws, labarin wani ƙaton kifin teku mai cin mutane. Kifin inji ne aka ƙera, kuma kullum cikin lalacewa yake. Sai dole aka rage nuna shi. Kana ganin ruwa, kana jin kiɗa yana matsowa, kana jira. Jiran nan shi ke kaɗa zuciya. In kana musu, gwada: kashe muryar talabijin a wurin da ya fi ban tsoro. Za ka ga rabin tsoron ya tafi.

Kakanninmu ma sun san wannan dabara. Tuna tatsuniyar Dodo da dare. Tsohuwa takan sassauta murya, ta yi shiru, sannan ta zabura. Amma ita tana ganin fuskar jikanta. In ta ga ido ya kawo ruwa, sai ta shigo da Gizo a yi dariya. Waya ba ta ganin fuskar kowa. Saboda haka aikin tsohuwa ya dawo kanka.

Ga shawarata. In kai sabon shiga ne, fara da Nagin, filim ɗin Indiya na 1976. Macijiya ce take rikiɗa ta zama mace, tana bin waɗanda suka kashe mijinta ɗaya bayan ɗaya. Akwai tsoro, akwai waƙa, mutum yana samun wurin numfashi. In kana son labarin da za ka kwana kana tunani, nemi Living in Bondage, wanda aka yi a Nijeriya a 1992 da harshen Ibo. Wani mutum ne ya ba da matarshi ga ƴan tsafi don ya yi arziki. Kuɗi sun zo, amma fatalwarta ta hana shi sakat. Jaws kuma, manya na iya kallo tare da samari.

Akwai waɗanda ba ni ba kowa. The Exorcist na 1973, labarin yarinya ƴar shekara 12 da shaiɗan ya shiga jikinta, yana da nauyi ko ga babba. The Evil Dead na 1981 kuwa jini ne da sara tun daga tsakiya har ƙarshe. Waɗannan kada yaro ya gan su, ko ta ƙofa.

Wata ɗalibata ta taɓa zuwa aji tana gyangyaɗi. Na tambaye ta lafiya. Ta ce ɗanta ƙarami ne ya hana ta barci kwana uku. Yayanshi ya nuna mishi filim cikin waya, tun daga nan ko fitsari ba ya fita shi kaɗai. Babba ya san ƙarya ce aka shirya. Yaro bai sani ba. Abin da idonshi ya gani, ya zauna.

Nan ne karatunka zai yi maka rana. Filim da yawa suna zuwa da lamba a jikin kwali ko a farkon hoto. A Faransa sukan rubuta 12, ko 16, ko 18. Ma'ana, wanda bai kai waɗannan shekaru ba kada ya kalla. Dā sai ka wuce lambar ba ka kula ba. Yanzu ka iya karanta ta.

In wani ya ce ka zaɓa mishi filim, tambaye shi abu biyu: da wa zai kalla, kuma da wane lokaci? Filim ɗin da bai dace da ɗakin ba, ka bar shi cikin aljihu. Kallo ba ya ƙarewa, amma barcin yaro in ya gudu, uwarshi ce ke kwana zaune.